Yadda za ka tsara cikin motarka ya yi kyau, ya kuma jure ranar Kebbi

Yawancin motocin da muke hawa a Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri ba da tunaninmu aka ƙera su ba. Corolla ce, ko Camry, ko Accord, wadda ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani a Amurka ko Turai kafin ta hawo jirgin ruwa ta iso mana. Wanda ya zana cikinta bai san watan Afrilu na nan ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Bai san ƙurar hunturu da ke samun hanya ko an rufe gilashi ruf ba, bai kuma yi lissafin hannun babbar riga da ke sharar giya duk sanda aka juya sitiyari ba. Saboda haka wanda zai gyara cikin motarsa a nan, da abu biyu zai auna duk abin da zai saka: shin zai kai bazara uku bai kwaɓe ba, kuma shin hannun direba zai laluba ya same shi ba tare da ido ya bar titi ba? Abin da ya ci waɗannan gwaje-gwaje biyu, kyau na biye da shi.

Da farko, kwashe komai

Zaɓi safiyar da ba ka da uzuri, ka kai motar inuwa. Fito da duk abin da ba da shi aka ƙera ta ba: rigunan kujeru, kafet ɗin da aka ɗora kan wani kafet, bargon dashbod mai gashi, kwalin tishu, wayoyin caja da suka harɗe, tsoffin takardu, robobin ruwan da suka gangara ƙarƙashin kujera. Mutane da yawa ba su taɓa ganin ainihin kujerun motarsu ba tun ranar da dillali ya miƙa musu makulli, kuma sau tari abin da ke ƙarƙashin rigar ya fi rigar kyau.

Yanzu sai bincike. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gefen ƙofa ka zura hannu. In ka ji danshi, ko ka ga busasshen taɓo, ko ƙarfen da kujera ke gudu a kansa ya yi tsatsa, akwai yiwuwar motar ta taɓa shiga ambaliya kafin a yi gwanjonta a can. Ja bel har ƙarshensa ka duba ko akwai shatar ruwa. Irin wannan mota wayoyinta ne za su riƙa ba ka wahala, don haka mai wayarin ya kamata ya fara ganinta kafin mai ɗinki.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kalli fitilar jakar iska, wato jakar nan da ke kumburowa ta tare mutum in an yi karo. Kamata ya yi ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ta tsaya a kunne akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an liƙe ta don a ɓoye matsalar. Idan motar daga Amurka ta fito, ɗauki lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka saka ta a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta Amurka. Miliyoyin motoci, cikinsu har da Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, an yi kiranyensu, wato kamfanoninsu sun nemi a dawo da su a gyara, saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da danshi ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ya dace ka san ko an canza taka.

Zauna, ka auna hannunka

Kafin ka sayi ko allura, daidaita zamanka, domin daga kujerar direba ake auna komai. Jingina bayanka sosai, ka miƙa hannu: wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Taka birki ko kuloci har ƙasa, gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa. Tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari a samu aƙalla santimita 25, saboda jakar iska na bukatar fili. Matashin kai na kujera, wanda wasu ke zarewa su jefa but, mayar da shi, ka ɗaga shi samansa ya yi daidai da saman kanka. In kana tuƙi da hula, auna da ita a kanka.

Daga nan, motar na tsaye, rufe idonka. Nemo abin rage ƙarar rediyo. Nemo maɓallin fitilar haɗari mai kusurwa uku. Ƙara iskar esi. Ɗauko ruwan sha. Duk abin da sai da ka buɗe ido ko ka ranƙwafa kafin ka same shi, rubuta shi. Wannan takardar ita ce jerin aikinka na gaskiya, ita za ka riƙe in ka shiga shagon kayan ado inda komai ke ƙyalli yana kiranka.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka kalli allon rediyo ko na waya na daƙiƙa biyu, ka wuce mita 56 ba ka ga komai ba. A hanyar Jega zuwa Koko, cikin wannan tazara akwai rami, akwai mai babur ɗauke da buhunan albasa, akwai garken shanu da ke tsallakawa.

Launi da irin kayan da za ka zaɓa

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Shawarata, kada launukan cikin motar su wuce uku: ɗaya mai rinjaye a kujeru da jikin ƙofofi, ɗaya mai duhu a saman dashbod da ƙasa, sai ɗan ƙarami na ƙawa, kamar zaren ɗinki ko siririn layi. Ka ɗauko na ukun daga abin da motar ta zo da shi, misali launin fitilun agogonta ko na katakon da ke jikin giya, sai aikin ya zama kamar daga kamfani.

Baƙi yana da kwarjini a hoto, amma a ƙasarmu yana da laifi biyu. Yana shan rana, kuma ƙurar hunturu mai haske tana bayyana a kansa awa ɗaya bayan wanki. Fari da ruwan madara sun fi sanyi, sai dai manja, zoɓo da jan goro ba sa yi musu afuwa. Abin da ya fi zama lafiya da mu shi ne ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, domin ƙurarmu kusan launinsu gare ta.

Game da abin da za a ɗinka, yadi ya fi kowanne sanyin zama kuma ba ya ƙona cinya, amma yana shanye zufa da wari. Fata ta gaskiya tana daɗewa in ana goge ta ana shafa mata mayinta, in an yi sakaci kuma ta bushe ta tsattsage. Leda, wadda aka fi ɗinkawa a garejojinmu, iri-iri ce, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su. Karɓi ƙyalle daga hannun mai ɗinki, ka juya bayansa: mai kyau tana da saƙa mai kauri a baya. Ninka shi da ƙarfi ka sake. In wurin ninkin ya yi fari, ba za ta kai ko'ina ba. Sannan ka yi masa tambayar da ta fi duka amfani: "Maigida, akwai motar da ka ɗinka wa wannan bara ko bara waccan, in gani?" Mai aikin kirki zai nuna maka, har ya kira mai motar. Tsarin da na fi so shi ne leda ko fata a gefe, yadi a tsakiyar wurin zama da jingina, inda jiki ke taɓawa.

Muna da arzikin dukanci a wannan yanki, fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje, kuma baduku mai hannu zai iya lulluɓe maka murfin akwatin tsakiya ko kan giya da aiki mai kyan gaske. Amma ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a fatar kafin a ɗinka. In rini ya fito, to haka zai fito a hannun farar shaddarka ranar Juma'a.

Dashbod

Babu abin da ke shan rana a mota kamarsa. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka a 2018, motar da aka ajiye awa ɗaya a rana, ranar da zafi ya kai kusan digiri 38, dashbod ɗinta ya kai kimanin digiri 69, sitiyari 53, kujeru 51. Zafinmu na bazara ya fi wannan. Shi ya sa za ka ga Camry ta 2007 zuwa 2011 da dama dashbod ɗinsu ya yi danƙo yana ƙyalli yana kama yatsa. Matsalar sananniya ce, har kamfanin Toyota ya tsawaita garantin wannan ɓangare ga masu irin motocin a Amurka. In taka ta fara, wanki ba ya maganinta. Ko a canza shi, ko a lulluɓe shi da leda mai jure zafi, ko a ɗora masa murfi.

In murfi za ka sa, ya zama mai duhu, marar ƙyalli, marar gashi, wanda aka yanka daidai da irin motarka. Kamfanoni suna yin saman dashbod da duhu ne don kada hotonsa ya faɗo a gilashi ya kashe wa direba ido. Farin bargo mai gashi yana rusa wannan hikimar, musamman da la'asar in ka fuskanci yamma ka nufi Kamba. A bar ramukan iskar da ke goge gilashi a buɗe, haka ɗan ƙaramin idon nan mai auna rana da ke wasu motoci. Wurin da jakar iskar fasinja ke fitowa kuwa, a tsaga murfin a wurin, kuma kada a ɗora komai a kai, ko kwalin tishu, ko kwalbar turare, ko waya. Jakar tana fita da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa, duk abin da ta tarar fuskar na kusa da kai za ta aika shi.

Carbi da sauran abin da ake ratayawa a madubi, gara a ba su wuri a akwatin tsakiya. Abin da ke lilo a gaban ido yana ɓoye yaron da zai tsallaka daga dama.

Ka kuma hana yaran wankin mota shafa wa dashbod man ƙyalli. Yana kama ƙura, yana haska gilashi, in ya taɓa sitiyari ko abin taka birki ya sa santsi. Man birki da kananzir da fetur kuwa cin roba suke yi.

Tsakiyar mota, inda aikin yake

Kwansol, wato daga rediyo da maɓallan esi, gangarowa zuwa giya, birkin hannu, ramin kofi da akwatin ɗora gwiwar hannu, shi ne wurin da hannun dama ke kai-komo dukan tafiya. A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci.

Fara da buɗe shi a wanke. Ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, domin wataƙila sai ka matsar da giya kafin murfin ya fita. Kada ka yi aikin da sanyin asubar hunturu, roba mai sanyi saurin karyewa gare ta, balle wadda rana ta riga ta gasa shekara da shekaru. Jira hantsi. Nemi abin ɓanɓara na roba, in babu ka naɗe bakin sukundireba da tsumma. Sukurori sukan ɓuya a ƙasan akwatin, ƙarƙashin ɗan kafet ɗin cikinsa, da ƙarƙashin robar ramin kofi. In ka ja ka ji ya ƙi, akwai wanda ba ka kwance ba, kada ka sa ƙarfi. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka zuba sukurorin a kofi. Abin da za ka tarar a ƙasa zai ba ka mamaki: ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, tsinken sakace, tsohon layin waya, da busasshen zoɓo ko kunu da ya gangara ya daskare a jikin ƙarfen giya. Sau da yawa wannan danƙon ne ke sa giyar otomatik ta riƙa tauri wajen fita daga P. Share da buroshi, ka goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ruwa kada ya taɓa soket.

Kafin ka mayar, raba wurin gida uku a ranka. Abin da kake taɓawa mota na tafiya, kamar ƙarar rediyo, esi da fitilar haɗari, ya zauna sama kusa da sitiyari, babu abin da ya tare shi. Abin da kake ɗauka in ka tsaya, kamar kuɗin mai, takardun mota, lasisi da tabarau, ya shiga akwati. Sauran kuma, darduma, buta, ragar kaya, su koma but ko aljihun bayan kujera. Ramin kofi ɗaya na ruwa ne, kada ya zama juji. Na'urar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗura ke tambaya, a ɗaure ta da maɗauri, kada a bar ta tana gangare a ƙasa inda za ta iya shiga ƙarƙashin birki.

Sai maganar allo, wadda ita ce ke kan bakin kowa yanzu. Tun da Tesla ta fito da Model S a 2012 da allo mai inci 17, kamfanoni suka shiga tseren kwashe maɓallai suna zuba su cikin gilashi. Amma guguwar ta fara juyawa. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada direbobi suna gudun kilomita 110 a awa, aka ba su ƙananan ayyuka irin su canza tasha da daidaita zafin ciki. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai, daƙiƙa 10 aikin ya ɗauka. A motar da ta zo ƙarshe, mai babban allo, ya haura daƙiƙa 44. Hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci a Turai ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko mota na da maɓallai na zahiri ga oda, sigina, fitilar haɗari, abin share gilashi da kiran gaggawa, kafin ta ba ta cikakken maki. Wato maɓallan tsohuwar Corollarka dukiya ce, kada ka bari a raba ka da su a banza.

Wannan ba ya nufin allo ba shi da amfani. Taswira tana taimako in ka shiga garin da ba ka sani ba, kyamarar baya tana ceton yara a ƙofar gida, shi ya sa Amurka ta wajabta ta ga sabbin motoci tun Mayun 2018. Akwai ma wani dalilin canza rediyo: rediyon motar Amurka yana tsallake tashoshin FM ne a kan lambobi marasa rabuwa biyu, 88.1, 88.3, haka har ƙarshe, a AM kuma yana tafiya goma-goma alhali namu tara-tara ne, don haka wasu tashoshinmu ba ya kama su tangaran. In za ka canza, ga abin lura. Ramin rediyo na gama-gari iri biyu ne: faɗinsa milimita 180, tsayinsa 50 ko 100. Auna naka, ka sayi firam ɗin da aka yi wa irin motarka da shekararta. Kada a fafe dashbod da wuƙa. Zaɓi mai abin murɗa ƙara na zahiri. Allon kada ya rufe ramin iskar esi ko maɓallin haɗari, kada kuma ya ɗago ya tare gilashi. Ka sa mai shago ya kunna shi a waje cikin rana, domin da yawa a inuwa suke da haske. Masu Accord ta 2003 zuwa 2007 su yi hattara sosai: a wannan motar rediyo da na'urar sarrafa esi a haɗe suke, cire ɗaya ba tare da kayan da suka dace ba yana iya tafiya da ɗayan.

Wanda ba ya son kashe wannan kuɗin, mariƙin waya mai ƙarfi da ɗan abin Bluetooth sun wadatar. Ɗaura wayar kusa da ramin esi don ta riƙa shan sanyi. Wadda aka manna a gilashi cikin rana takan yi zafi ta kashe kanta, taswira ta tafi a lokacin da ake bukatarta.

Baƙar roba mai sheƙi da takardar manne mai kamar katako, bar su a shago. Ta farko ƙura kaɗai ke karce ta, ta biyu gefenta ke fara tashi a bazarar farko.

Wayoyi

Ka tsaya a kan mai wayarin har ya gama, ko da ka yarda da shi. A cire kan batir na nagetif tukuna, a jira mintuna uku kafin a taɓa komai kusa da sitiyari, kujera ko ƙasan kwansol, inda kwamfutar jakar iska take a motoci da yawa. Duk soket mai ruwan ɗorawa ko wayar da aka naɗe da rigar ruwan ɗorawa, ta jakar iska ce, ba a taɓa ta, ba a jona komai a jikinta. In Honda ce, nemi lambar sirrin rediyo kafin a cire batir.

A sayi soket ɗin haɗi na irin motar maimakon a yanke wayoyin asali. A bayan sabon rediyo, ja ita ce mai samun wuta in an murɗa makulli, ruwan ɗorawa (ta rediyon, ba ta jakar iska ba) ita ce mai wuta kullum don riƙe ajiya, baƙa ta jikin ƙarfe ce. Masu gaggawa sukan murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya, sai rediyo ya kwana yana shan batir, da safe a nemi masu turi. Kowane haɗi a yi masa dalma ko a matse shi da maɗauri, salatif kaɗai narkewa yake a zafinmu. Duk sabon abu ya samu fiyus nasa, kuma fiyus da ya ƙone ba a maye shi da zaren waya ko takardar sigari. Ramin caja yawanci amfiya 10 zuwa 15 yake ɗauka, bai dace da tukunyar shayi da firji a lokaci ɗaya ba.

Fitilun ado na ciki, in dole ne, a sa masu rauni, ruwan goro ko ja-ja, a ɓoye su ƙasa wajen ƙafa. Shuɗi mai ƙarfi yana rage ganin dare. Kamfanin Saab tun shekarun 1990 ya sa wa motocinsa maɓallin da ke kashe fitilun dashbod da dare ya bar na gudu kawai. Wanda ya taɓa baro Argungu bayan isha'i, manyan motoci na dallare shi, ya san amfanin duhu a cikin mota.

Rufi, kujeru, sannan ƙasa

Bi wannan jerin daga sama zuwa ƙasa, don dattin aikin sama kada ya zubo kan sabon ɗinki. Yadin rufi da ya saki yana taɓa hula, soson da ke bayansa ne zafi ya mayar gari. Fil da allura ba sa gyara shi. A sauko da allon rufin gaba ɗaya, a kankare tsohon soson tas, a manna sabon yadi da gam mai jure zafi. Gam na takalmi zai sake shi kafin damina. A kula da ginshiƙan gefe, wasu motocin akwai jakar iska a bayansu.

A kujeru, dubi gefen da ke kallon ƙofa. In akwai ɗan tambari mai rubutun SRS, jakar iska ce a ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne da zaren da zai tsinke in ta tashi. Nuna wa mai ɗinki da yatsa, ka ce kada ya rufe wurin da leda mai kauri ko ɗinki biyu. In bai gane ba, bar wannan gefen yadda yake. Soson kujerar direba da ya lotsa a ƙara masa mai tauri kafin a rufe, in ba haka ba sabon ɗinkin zai yi tattara cikin wata ɗaya. A kujerar baya kuma, a fito da bakin bel ɗin duka uku. Masu ɗinki da yawa suna binne su, yara kuma a nan suke zama.

Kafet ɗaya tak a ƙarƙashin direba, mai ramin da ke shiga ƙugiyarsa. A 2009 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda kafet na iya zamewa ya danne totur. Ɗora wani kan wani don kare na ƙasa, jawo wannan haɗarin ne da hannunka. Na roba mai baki a ɗage ya fi dacewa da mu, yana tare yashi da taɓon damina, a zare shi a kakkaɓe.

Baƙin gilashi yana rage zafi, amma dokar 1991 ta hana shi sai da izinin 'yan sanda, kuma a hanyoyinmu masu shingen bincike yana jawo tsayawa da tambayoyi. Abin tare rana mai ninkewa da ake sawa a gilashin gaba in an ajiye mota yana yin aiki mai yawa, ba ya bukatar izinin kowa.

Ƙamshi da kulawar yau da kullum

Warin mota daga wuri uku yake fitowa: shimfiɗar da ta jiƙe, abincin da ya faɗa lungu, da matatar iskar esi. A Corolla da Camry matatar tana bayan akwatin gaban fasinja, minti biyar ya isa a zaro ta. Wasu motocin ma za ka tarar ramin babu komai. Canza ta in hunturu ya wuce, kuma a hanya mai ƙura danna maɓallin da ke juya iskar ciki. In ka ɗauko kifi daga Yawuri, a cikin roba mai murfi zai shiga but, don ruwansa in ya shiga soso ya zauna ke nan.

Kaskon turaren wuta ba ya shiga mota. Garwashi ɗaya ya isa ya huda kujera, hayaƙin kuma yana rina rufi. Turara ƙyalle a gida ka sa shi ƙarƙashin kujera. Turaren ruwa mai mai in ya ɗiga a roba yana cin fentinta, don haka kwalbarsa ta zauna a tsaye cikin akwati. Laita, turaren feshi da fawa bank kada su yini a motar da ke rana.

Ajiye tsumma biyu masu laushi da ƙaramin buroshin fenti a aljihun ƙofa. Buroshin na ramukan esi da tsakanin maɓallai ne. Tsumma ɗaya na goge roba, ɗaya na allo da gilashin agogo kaɗai, kuma a fara kaɗe ƙurar kafin a goga, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, gugar ta a bushe ke barin zane. Sau ɗaya a mako ya isa da damina, da hunturu kuwa sai an yi kusan kullum.